Adon bangon falo: firam, fenti, sitaf ko karo, wanne ya dace da gidanka?

Bangon falo a Maradi yana da abokan gaba uku, kuma duk adon da za ka sa sai ya gamu da su ɗaya bayan ɗaya. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce, mai laushi kamar gari, wadda ke shiga ko ta ƙasan ƙofa. A Afrilu da Mayu zafi ne da ke haura digiri 40, ya gasa bangon yamma har bayan isha yana huci. Daga Yuni zuwa Satumba kuma hadari ne, wanda galibi daga gabas yake tasowa ya yi ta dukan bangon gabas har danshi ya ratso ciki. Hotunan falukan Dubai da Turkiyya da ake gani a waya an ɗauke su ne a ɗakunan da na'urar sanyaya ɗaki ba ta mutuwa kuma taga ba ta buɗewa. Shi ya sa kafin a tambayi wane ado ya fi kyau, sai a fara tambayar wane irin bango ne da kai, da kuma abin da za a rubuta ko a zana a kansa.

Adon da ake kira na Musulunci gida biyu ne. Akwai rubutu: aya, sunayen Allah, salati, addu'a. Akwai kuma zane marar rai: taurari masu tsini 8 ko 12, sarƙaƙƙun layuka, ganye da reshe, bakan mihirabi. An tafi ga waɗannan biyun ne saboda hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko surar abu mai rai. Amma gidajen biyu ba hukunci ɗaya suke da shi ba. Zane ado ne kawai, in ya lalace a kankare a sake. Rubutu yana da haƙƙi. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita muka tashi a kai, sun karhanta rubuta Alƙur'ani a jikin bango don gudun wulaƙanta shi, kuma har yau malamai sun saɓa kan rataya aya: wasu sun hana, wasu sun yarda idan don tunatarwa ne kuma an kiyaye alfarmarta. Abin da wannan ke nufi ga mai gini shi ne, kada a rubuta aya da abin da ba ya ciruwa. Gida ana sayar da shi, ana ba da haya, ana rushe bango a faɗaɗa ɗaki. Ayar da aka zuba da siminti ko aka manna da karo, wato tayil, ranar da guduma ta zo, a cikin baraguzai za ta kwanta. Wadda ke cikin firam kuwa sauke ta za a yi a naɗe a tafi da ita.

Kafin komai, gwada bangon. Yanki leda mai faɗin santimita 50 ta kowane gefe, ka manna ta da salatif a ƙasan bangon, ka rufe gefunan huɗu ruf, ka bar ta kwana biyu. Idan ka ɗaga ka ga raɓa a bayanta ko wurin ya yi duhu, bangon yana shan ruwa. Wata alamar ita ce farin gishiri kamar kanwa da ke fitowa a ƙasan bango yana tura fenti waje. Ana yawan ganin haka a gidajen da ke gangare wajen Gulbi, da bangon da ke jingine da bayan gida ko wurin wanka, da bangon gabas wanda shafensa na waje ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. A gyara tsagar daga waje, a duba indararo, sannan a yi maganar ado. In kuwa sabon shafen siminti ne, a ba shi mako 4 ya bushe. Wanda ya yi gaggawa, ƙarfin simintin zai ƙone launin fentin ya bar shi dabbare-dabbare.

Mu fara da firam, don shi ne mafi yawan abin da mutane ke saye, kuma shi na fi yarda da shi ga duk wani rubutu. Kasuwa cike take da su, na Sin da na Turkiyya da waɗanda ake shigowa da su daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa: Ayatul Kursiyyu, aya ta 255 a Suratul Baƙara, da sunaye 99, da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi. Bambancin yana ga abin da aka yi su da shi. Wanda aka buga a takarda aka sa a bayan gilashi shi ya fi sauƙin kulawa a wurinmu, domin tsumma mai ɗan danshi ya isa ya share ƙurar shekara. Sai dai a duba bayansa: idan kwali ne a buɗe, ƙura da ƙananan ƙwari za su shiga tsakanin gilashi da takarda, don haka a bi gefunan da salatif mai faɗi a rufe. Wanda aka buga a kan yadi aka ɗaure a katako ba shi da nauyi kuma ba ya ƙyalli da fitila, amma zaren yadin yana riƙe ƙura, bayan hunturu biyu farin cikinsa ya koma ruwan ƙasa. Haruffan da inji ya yanka daga matsattsen garin katako suna da kyau a ido, sai dai wannan katakon in ya sha danshi kumbura yake yi daga gefe, ba ya kuma komawa, gara ma tana sonsa. Na roba mai ƙyalli kamar madubi yana jawo ƙura da kansa, in ka goge shi da busasshen tsumma kuma ya kakkarce. Na ƙarfe ya fi su duka ƙarko, in an yi masa fenti mai kyau gaba da baya, amma kowane lungu na harafi ma'ajiyar ƙura ce, sai an riƙa bin sa da burushi mai laushi.

Akwai abin da ya fi wannan duka muhimmanci, kuma masu saye ba su cika dubawa ba: ingancin rubutun. Wasu masu buga waɗannan kaya ba sa karanta Larabci. Kwamfutar da ba a saita ta da Larabci ba tana raba haruffa ɗaya-ɗaya, wani lokaci ta jera su daga hagu zuwa dama. Ana samun ɗigo ya ɓace, ana samun kalma ta maimaitu don a cike zagaye, ana samun ƙarshen aya an datse don wuri bai isa ba. Rubutun Sulusi, mai dogayen alifai da haruffa masu hawa kan juna, da Diwani mai lanƙwashe-lanƙwashe, su suka fi ɓoye kuskure, don ido yana ganin kyau ya wuce. Kufi mai murabba'i kuwa ba ya ɗauke da ɗigo ko wasali, sai gwani ke iya bin sa. Ka ɗauki hoton abin da waya ka kai wa alaramma ya bi shi kalma bayan kalma kafin ka biya. In don a karanta kake so, Naskhi, irin rubutun mushafin bugun Madina, shi yaro da babba ke iya karantawa daga kujera.

Kada kuma a manta da namu. Marubutan tsangaya suna rubutu da alƙalamin kara da tawada a salon da muka gada ta hanyar Magrib, mai kauri, inda fa'un ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Zayyanar da suke yi wa allon sauka, da ja da ɗorawa da kore, ba ta da abin da za ta ji kunya a gaban kayan waje. Takarda mai kauri da mahaddaci ya rubuta da hannunsa ya yi mata zayyana, aka sa ta a gilashi, ta fi firam ɗin masana'anta daraja nesa ba kusa ba, kuma wanda ya rubuta ya san abin da yake rubutawa. Raunin tawadar gida biyu ne: rana tana kashe ta, ruwa yana wanke ta. A rataya ta inda hasken taga ba ya faɗawa kai tsaye.

Wurin ratayawa ma aiki ne. Tsakiyar firam ya kasance kimanin santimita 150 daga ƙasa. Idan a saman doguwar kujera ne, a bar tazarar santimita 20 zuwa 25 don kan mai zama kada ya taɓa shi, faɗinsa kuma ya kai kamar kashi biyu cikin uku na tsawon kujerar, in ba haka ba sai ya zama kamar tambarin wasiƙa a kan buhu. A bangon bulo kada a buga ƙusa da guduma, shafen zai fashe. A huda da injin huji mai bakin milimita 6 ko 8, a sa robar nan da ke riƙe sukuru, kuma duk abin da ya wuce kilo 5 a ba shi sukuru biyu. A bangon ƙasa roba ba ta kamawa. Sai a fafe rami, a dasa guntun ice mai tauri wanda aka shafa wa maganin gara, a yaɓe shi, in ya bushe a ɗaura sukurun a jikinsa. Aya ba a sa ta a saman talabijin, inda kiɗa da wasa ke tashi a ƙarƙashinta, ba a sa ta ƙasa inda ƙafa ke miƙewa ko hannun yaro ke kaiwa.

Haruffan da ake mannawa da gam, waɗanda suka fi kowane abu araha, ba na ba kowa shawarar su ga rubutu. Araha ba ta ado. Zafin bazara yana narkar da gam ɗin, ƙura ta shiga gefen, harafi ya fara naɗewa ya faɗo. Kalmar shahada da harafi ɗaya ya fita daga cikinta ta zama wata magana dabam, shi kuma harafin yana ƙasa ana takawa. A kan farar ƙasa ko fentin da ke barin gari a hannu ma ba sa kamawa tun ranar farko.

Zane marar rai kuwa, a nan ne zaɓin ke da faɗi, kuma a nan kuɗi ke bambanta sosai.

Fenti da fatar zane, wato robar da aka yanka siffa a jikinta ake sa fenti ta ramukan, shi ne mafi sauƙin kuɗi a cikin masu ɗorewa, kuma shi ya fi dacewa da ƙura, don ba shi da lungu. Falo mai mita 4 da 5, tsayinsa mita 3, bangonsa murabba'in mita 54 ne, in aka cire ƙofa da tagogi ya rage kamar 48. Lita ɗaya ta fentin ruwa mai kyau tana rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafa ɗaya, ke nan shafa biyu za ta ci kusan lita 10, ban da shafar farko ta share fage a sabon bango. A zaɓi irin wanda ke wankuwa, mai ɗan sheƙi kaɗan. Zanen kansa lita ɗaya ta ishe shi. Tauraro mai tsini 8 ba shi da wuya: ka zana da'ira, ka zana murabba'i a cikinta, ka sake zana wani murabba'in a karkace da digiri 45, tsinin takwas sun fito. In ka jera taurarin tsini yana taɓa tsini, abin da ya rage a tsakaninsu zai ba da wata siffa da kansa. Ana yanka wannan a roba mai kauri da sabuwar reza. Ga bango mai mita 4, fata mai santimita 40 za ta maimaitu sau 10. A fara daga tsakiyar bango a tafi dama da hagu, domin da wuya ka samu bangon da kusurwarsa ta miƙe sak, kuma in ka fara daga gefe karkatar za ta taru ta bayyana a ɗaya ƙarshen. A ja layin kwance da tiyo mai ruwa ko ma'aunin magina, kada a dogara da daɓe ko silin. Kuskuren da ya fi ɓata aikin shi ne cika soso da fenti: yana malala ta ƙarƙashin robar, gefen tauraron ya yi gemu. A tsoma, a goge a kwali har ya kusa bushewa, a riƙa dannawa ba shafawa ba, a wanke robar bayan kowane taurari huɗu ko biyar. Launi biyu daga gida ɗaya, kamar ruwan madara da ruwan ƙasa mai haske, sun fi kwantar da ido kuma sun fi ɓoye ƙura a kan baƙi da ruwan zinari. Bango mai duhu, shuɗi ko kore shar, kwana uku na hunturu sun isa ka rubuta sunanka a kai da yatsa.

Takardar bango tana ba da zane mai sarƙaƙiya da hannu ba zai iya ba, kuma cikin yini ɗaya an gama. Naɗi ɗaya yawanci santimita 53 ne a faɗi, mita 10 a tsawo, wato tsiri 3 ga bango mai tsayin mita 3. Bango mai mita 4 yana son tsiri 8, naɗi 3 ke nan, amma a sayi 4 saboda asarar da ake yi wajen haɗa zane, kuma a duba lambar bugu ta zama ɗaya don launi yana ɗan bambanta. Matsalarta a Maradi ita ce mahaɗa. Da hunturu takarda tana tsukewa, gam ya bushe da wuri, mahaɗar ta buɗe, ƙura ta zauna a ciki ta zama baƙin layi. Da damina, a bango mai danshi, baƙin fumfuna ke tsiro a bayanta ba ka gani sai wari ya faɗa maka. A bangon ciki da ke tsakanin ɗaki da ɗaki, mai santsi kuma busasshe, za ta yi shekaru. A bangon gabas ko na yamma kada a gwada.

Farin filasta, wanda masu aikinsa ke kira sitaf, a Katsina da Kano kuma fi'ofi, shi ke ba falo kwarjini. Da shi ake fitar da bakan mihirabi, da ƴan taskoki a jikin bango, da zane mai tudu. In aka ɓoye zaren fitila mai bolt 12 a bayansa, mai haske ruwan ɗorawa ba fari fat ba, inuwa tana fito da zanen da dare. Amma a san abin da ake saye. Sitaf ba ya shiri da ruwa ko kaɗan: yoyon rufi ɗaya zai bar masa tabo rawaya da fenti ba ya rufewa, daga baya ya yi laushi ya zubo. Yana kamawa cikin mintoci kaɗan bayan an kwaɓa, shi ya sa gwani ke kwaɓa kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya ƙara ruwa a kan wanda ya fara daskarewa ya kashe ƙarfinsa. Faifan da aka zuba a ƙasa aka ɗaga sai an sa masa zare a ciki, an kuma ɗaure shi da sukuru marar tsatsa, in ba haka ba tsatsar za ta ɓullo ta fuska. Ga ƙura kuma, a roƙi mai aikin kada tudun ya wuce santimita 1 zuwa 2, gefunansa su zama a gangare. Zane mai zurfi da ƙananan ramuka, irin na Fas da Marrakesh a ƙasar Maroko, wanda zai share shi sai ya yi yini da burushi a kan tsani. Akwatin da ke rage ƙarfin wutar fitilar kuma a ajiye shi inda hannu zai kai, don shi ke fara ƙonewa idan wuta tana rawa, kada a wayi gari sai an fasa ado kafin a canza shi.

Wanda ke son zane mai tudu bai kamata ya tsallake na gida ba. Fuskokin gidajen unguwar Birni a Damagaram, da masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, shaida ne cewa maginan Hausa sun daɗe da nasu salon: dagi, da'irori, layuka masu sarƙe juna. Manyan siffofi ne masu faɗi, ba ƙananan ramuka, don an yi su ne a ƙasar da ke da ƙura. Dagi ɗaya mai faɗin mita, da siminti da yashi mai laushi ko da sitaf, a tsakiyar bango, yana cika ido fiye da taurari ɗari. Haka fatar jar akuyar Maradi, wadda duniya ta san ingancinta: baduku zai iya yi maka faifai uku masu zanen layuka a ɗaure a katako. Tana son a shafa mata ɗan mai sau ɗaya a shekara don hunturu kada ya fasa ta, kuma a nisanta ta da bango mai danshi.

Karo, wato tayil, shi ne mafi tsada kuma mafi daɗewa. Ruwa da soso sun ishe shi, hannun yara ba ya ɓata shi. Mai santimita 20 da 20 guda 25 ke cika murabba'in mita, a ƙara kashi 10 cikin 100 don yanka da fashewa. Ya fi kyau a ƙasan bango, daga daɓe zuwa kimanin mita 1.2, sama kuma fenti, kamar yadda ake yi a gidajen Maroko. In an rufe bango duka da shi falo yana amsa kuwwa, ya kuma ɗauki kamar ɗakin wanka. Wasu suna sa shi don su ɓoye danshi, amma ruwan ba ya tafiya ko'ina, hawa yake yi ya ɓullo a saman layin karon.

Dardumar bango mai hoton Ka'aba ko masallacin Madina, wadda alhazai suka saba kawowa tsaraba, tana da matsayinta a zuciya. A aikace ita ce ta fi komai tara ƙura, bayanta kuma mafakar tsaka da gizo-gizo ce. In za a rataya ta, a ɗinka mata aljihu a sama a zura sanda, don a riƙa sauke ta ana kakkaɓewa duk wata.

To wanne za a ɗauka? Mai haya ya tsaya a kan fenti mai haske da firam ɗaya ko biyu, abin da zai tafi da shi. Mai gidan ƙasa ya yi farar ƙasa ko zane mai tudu na yaɓe, domin bangon ƙasa yana son ya sha iska, fentin mai da takarda kuma toshe shi suke yi har ya ruɓe daga ciki. Mai gidan siminti da rufinsa ya ga damina biyu bai yi yoyo ba, shi ne zai iya sa kuɗinsa a sitaf hankali kwance. Gida mai yara da yawa da baƙi kullum, karo a ƙasa, fenti a sama. A kowane hali bango ɗaya ya isa a ƙawata, sauran ukun a bar su su huta.

Bangon kuma kada ya zama na alƙibla idan ana salla a falon, kamar yadda mata da tsofaffi ke yi a yawancin gidaje. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Nana A'isha ta kawar da wani labule mai zane domin zanensa yana gilma masa a cikin salla. Daga Maradi alƙibla gabas take, da ɗan karkata zuwa arewa, wato bangon nan da hadari ke duka. A bar shi da launi ɗaya, a kai adon zuwa bangon kudu ko na arewa, ko wanda ya raba falo da ɗakin kwana.